Jawabin Tsokana a Gaban Kyamara

Jawabin tsokana gajeren jawabi ne na barkwanci da ake yi wa mutum a gaban idonsa, a taron da aka shirya domin karrama shi. Abokai da abokan aiki sukan tashi ɗaya bayan ɗaya su tona halayensa da 'yan abubuwan kunyarsa, jama'a na dariya, shi kuma yana zaune inda kowa ke ganinsa. Daga ƙarshe a miƙa masa makirufo ya rama. A Amurka, inda al'adar ta sami siffar da aka san ta da ita yau, sunan taron roast. Ana yin sa a walimar ritaya, bikin zagayowar ranar haihuwa, liyafar aure da taron bankwana, kuma tun da wayar hannu ta zama kyamara, da wuya a yi shi ba a ɗauka ba.

Abin da ya raba shi da cin mutunci abu biyu ne: mai taron ya amince tun farko, kuma zai iya yin dariyar da gaske. Kyamara ta ƙara sharaɗi na uku, wato maganar ta kasance ba za ta zama abin kunya ba idan ta bar ɗakin ta shiga hannun waɗanda ba su san mutanen biyu ba.

Asali

Ƙungiyar Friars Club ta birnin New York, wadda masu tallata wasannin dandamali suka kafa a 1904, ita ce gidan wannan al'ada. Liyafofin karrama 'ya'yanta sun riƙa rikiɗewa zuwa zolaya, kuma galibi ana kawo 1949 a matsayin shekarar taron tsokana na farko a hukumance, wanda aka yi wa mawaƙin Faransa Maurice Chevalier. Taken ƙungiyar shi ne ba sa tsokanar kowa sai wanda suke ƙauna. A rufe ake yin tarukan farko, saboda haka bakin masu jawabi ba shi da linzami.

Talabijin ce ta sa aka fara tace harshe. Daga 1973 zuwa 1984 tashar NBC ta watsa tarukan da Dean Martin ke jagoranta, mafi yawansu daga otal ɗin MGM Grand na Las Vegas. Cikin waɗanda aka zaunar a kujerar akwai Ronald Reagan lokacin yana gwamnan Kalifoniya, da ɗan dambe Muhammad Ali a 1976. Tashar Comedy Central ta watsa na Friars Club daga 1998 zuwa 2002, sannan ta fara shirya nata a 2003, da harshe mai kaifi fiye da na da. A watan Mayun 2024 Netflix ta watsa taron Tom Brady, tsohon ɗan wasan ƙwallon Amurka, kai tsaye na kusan awa uku, Kevin Hart na jagoranta.

Ya kamata a lura cewa abin da ake gani a waɗannan shirye-shirye aikin ƙwararru ne. Akwai tawagar marubuta a bayan fage, akwai allon karatu a gaban mai magana, kuma wanda ake tsokana sanannen mutum ne da ya saba da suka. Wanda ya kwaikwayi wannan zafi a walimar ritayar shugabansa zai sha mamaki.

Kusancinsa da wasan barkwanci

Bahaushe ba baƙo ba ne ga zolayar da ke ƙara zumunci. Akwai wasan taubasai, wasan jika da kaka, da wasan da ke tsakanin Kanawa da Zagezagi, Katsinawa da Nufawa, Gobirawa da Yarabawa, Fulani da Barebari. A 2014 hukumar UNESCO ta sanya wasan barkwanci na Nijar cikin jerin al'adun gadon ɗan Adam. Bambancin shi ne a can dangantaka ce ta ba da izini tun kafin a haifi masu wasan, a jawabin tsokana kuwa izinin na rana ɗaya ne, kuma mai taron ne ya bayar. Ya sha bamban da zambon makaɗan fada ma, domin zambo maƙiyin ubangida ake yi wa don a ƙasƙanta shi.

Tattara abin da za a faɗa

Kafin a rubuta komai, a yi hira da mutum uku zuwa biyar da suka san shi ta fuskoki daban-daban: abokin yarinta, abokin aiki, ɗan'uwa. Tambayar "wane irin mutum ne?" ba ta haifar da komai sai yabo. Masu amfani su ne irin waɗannan: wace kalma ce ba ta barin bakinsa, me yake taƙama da iyawa alhali bai iya ba, wane abu ne ya ƙi rabuwa da shi shekara da shekaru, wane labari ne shi da kansa yake bayarwa yana dariya. Ta ƙarshen ta fi kowacce daraja, domin duk abin da mutum ke yi wa kansa dariya a kai, ya riga ya buɗe ƙofarsa.

Daga abin da aka tara a zaɓi hali biyu ko uku da mafi yawan mahalarta suka sani. Jama'a na dariya ne idan sun gane abin da suka daɗe suna gani ba su faɗa ba. Labarin da mutum biyu kawai suka sani, komai daɗinsa, yakan bar sauran ɗakin suna kallon juna.

Abin da ba a taɓawa

Ma'aunin da ya fi sauƙi shi ne a tsokani abin da mutum ya zaɓa, a bar abin da aka jarabce shi da shi. Makara, son shayi, tsohuwar mota, dogon jawabi, kishin ƙungiyar ƙwallon da ba ta cin wasa, duk zaɓinsa ne. Ciwo, nakasa, rashin haihuwa, mutuwar aure, bashi, rashin aiki, asali da addini ba fagen wasa ba ne. Haka iyaye, mata da 'ya'ya, domin su ba su amince da komai ba.

Misalai sanannu sun nuna wasu daga cikin waɗannan. A bikin Oscar na 27 ga Maris 2022, Chris Rock ya yi barkwanci kan askakken kan Jada Pinkett Smith, wadda ke fama da cutar zubewar gashi. Mijinta Will Smith ya hau dandamali ya mare shi, abin da ya jawo masa haramcin halartar tarukan hukumar da ke shirya Oscar na shekara 10. A ƙarshen Satumban 2001, makonni kaɗan bayan harin 11 ga Satumba, Gilbert Gottfried ya yi wasa da harin a taron tsokanar Hugh Hefner, mai mujallar Playboy, 'yan kallo suka yi masa ihun cewa ya yi gaggawa. Tom Brady kuwa, bayan taronsa, ya ce barkwancin da aka yi a kansa bai dame shi ba, amma bai ji daɗin yadda abin ya shafi 'ya'yansa ba.

Amincewar mai taro ma ba ta wanke komai ba. A 1993 ɗan fim Ted Danson ya shafa baƙin fenti a fuska, salon da aka daɗe ana yi wa baƙar fata ba'a da shi a Amurka, a taron 'yar fim baƙar fata Whoopi Goldberg na Friars Club. Ita ta kare shi, ta ce da hannunta a rubutun, amma hakan bai hana wasu baƙi ficewa ba, bai kuma hana jaridu yi masa ca ba. Akwai mutane a ɗakin da maganar ta shafa ban da wadda ke kan kujera.

Hanya mafi aminci ita ce a tambayi mai taron, ko wanda ya fi kusa da shi, kai tsaye: mene ne ba ka so a ambata? Ba sai an karanta masa rubutun ba.

Ginin barkwanci

Kowane barkwanci yana da shimfiɗa da bugu. Shimfiɗa tana kai tunanin mai sauraro wani wuri, bugu ya karkatar da shi. Ƙa'idar da masu koyo suka fi karyawa ita ce kalmar da ke ɗauke da dariyar ta zo a ƙarshen jimla, kuma a yi shiru bayanta.

A ce mai ritaya yana da tsohuwar mota da sai an tura. Wanda bai ƙware ba zai ce: "Motarsa ta tsufa sosai, kullum sai maƙwabta sun tura masa kafin ta tashi da safe." Wannan bayani ne, gaskiya ne, amma ba wanda zai yi dariya, domin an faɗi sirrin a tsakiya aka ci gaba da magana. A sake gina shi: "Kowa da makulli yake tayar da motarsa. Shi tasa, da maƙwabta." Kalma goma sha ɗaya, bugun yana kan ta ƙarshe, kuma an bar wa mai sauraro ya hango turin da kansa.

Dabara ta biyu ita ce kare mutum da ƙarya, wato a yi kamar ana wanke shi alhali ana ƙara tona shi: "Masu cewa yana makara ba su yi masa adalci ba. Yau ga shi ya iso kan lokaci, don mun gaya masa jiya ce walimar." Ta uku jeri ne na abu uku, biyun farko na gaske, na ukun ya kauce: "Abu uku ya koya mana a ofishin nan: gaskiya, haƙuri, da yadda ake barci ido a buɗe a taron ƙarshen wata." Biyu ne ke kafa tsammani, shi ya sa jerin abu huɗu ke yin sanyi. Akwai kuma waiwaye, inda ake dawo da barkwancin farko a wani wuri da ba a zata ba. Idan an riga an kafa zancen makara, can gaba sai a ce: "In ka ji kewarmu ka zo taron Litinin, za mu jira ka ranar Talata."

Zuzutawa ta fi aminci idan ta wuce hankali. In aka ce mutum ya yi makarar minti arba'in, zargi ne da za a iya gaskatawa. In aka ce ya makara har aka canza gwamnati, kowa ya san wasa ne. Ƙaramar zuzutawa ce ke ciwo.

A rubuta barkwanci fiye da abin da ake buƙata, kamar 25 ko 30, a zubar da kashi biyu bisa uku. Wanda sai an yi masa bayani, ya fita. Wanda za a iya faɗa a kan kowa, ya fita.

Tsari da tsawo

Minti uku zuwa biyar ya isa. Mai magana cikin natsuwa yana furta kalma 130 zuwa 150 a minti, amma dariya na cin lokaci, saboda haka jawabin minti huɗu bai kamata ya wuce kalma 450 zuwa 500 a takarda ba. Wannan yakan ɗauki barkwanci takwas zuwa goma sha biyu da gajeren labari guda.

A buɗe da faɗin alaƙarka da shi cikin jimla ɗaya, sannan ka fara da kanka. Mai magana da ya fara yi wa kansa dariya ya sayi izinin yi wa wani. Barkwanci na biyu a ƙarfi shi ake sa wa a farko, cikin daƙiƙa 20 na farko, domin jama'a su saki jiki. Mafi ƙarfi a ajiye shi dab da ƙarshe. A tara barkwancin hali guda wuri guda kafin a wuce zuwa wani. A tarukan ƙwararru ana fara tsokanar sauran masu jawabi kafin a iso kan mai taro, amma a ƙaramin taro wannan sai in su ma sun san da haka.

Daƙiƙa 30 zuwa 45 na ƙarshe na yabo ne na gaskiya, kuma ya zama takamaimai: abin da ya yi wa wani, ranar da ya tsaya wa mutane. Wannan sashe ne ke fassara duk abin da ya gabata. Wanda ya tsallake shi ya bar jerin gori kawai.

Ana gwada jawabin da murya, a tsaye, da agogo, a gaban mutum biyu: ɗaya da ya san mai taron, ɗaya da bai san shi ba. Na farko zai nuna inda aka wuce gona da iri, na biyu zai nuna abin da mai kallon bidiyo ba zai gane ba. In fuskar ɗayansu ta yamutse, a cire wurin ba tare da gardama ba.

A gaban kyamara

Yanayi biyu ne, kuma kowanne da matsalarsa.

Na farko, ana ɗaukar taro mai jama'a. Nan fuskar wanda ake tsokana ita ce rabin bidiyon. Mai kallo yana duban ta kafin ya yanke shawarar ko ya yi dariya. A liyafar 'yan jaridar fadar White House ta Afrilun 2011, Shugaba Barack Obama da Seth Meyers sun yi ta zolayar Donald Trump yana cikin baƙi, kyamarori suka riƙa nuna fuskarsa a ɗaure, kuma hoton fuskar ya zama labari kamar barkwancin. Makonni kaɗan kafin nan an watsa taron tsokanarsa a Comedy Central, inda ya zauna a kujerar da yardarsa. Saboda haka a tanadi kyamara biyu in da hali, ɗaya kan mai magana, ɗaya kan mai taro. In ɗaya ce tak, a tsayar da su kusa yadda za su shiga hoto guda. Tafi ɗaya mai ƙarfi a farkon ɗauka yana sauƙaƙa daidaita sautin wayoyin biyu wajen haɗawa.

Mai magana ya faɗi shimfiɗa yana kallon jama'a, ya juya ga mai taron a kan bugu, da murmushi. Idan dariya ta tashi ya yi shiru har ta fara sauka, sannan ya ci gaba kafin ta mutu. Wanda ya yi magana a kan dariya ya binne barkwancinsa na gaba, kuma ya koya wa jama'a su daina dariya don su ji shi. In barkwanci ya faɗi ƙasa, a wuce. Maimaita shi ko bayyana shi ƙara tona rami ne.

Na biyu, mutum shi kaɗai yana ɗaukar saƙon da za a haska a wurin biki. Wannan ya fi wuya, domin babu dariyar da za ta nuna masa hanya. Ido ya tsaya a kan ruwan tabarau na kyamara, ba a kan hoton kai da ke allo ba. Ɗan maƙala takarda mai launi kusa da shi yana taimakawa. Bayan kowane bugu a bar daƙiƙa biyu zuwa uku, fuska na riƙe da yanayin, don dariyar ɗakin da za a haska ta sami wuri. A wurin ɗauka shirun yana kama da wauta, a wurin biki shi ne daidai. Kyamara tana rage kuzari, don haka a ɗaga murya da motsin fuska kaɗan fiye da na hira.

Ta fuskar kayan aiki, sauti ya fi hoto muhimmanci: bugun da ba a ji ba ya tafi a banza. Ƙaramin makirufo na maƙalawa a riga, kamar taƙi ɗaya ƙasa da haɓa, ya fi na jikin waya nesa ba kusa ba. A kashe fanka, a nisanci janareta, a guji ɗaki mara kaya saboda amsa-kuwwa. Wayar ta zauna kan abin tsayarwa daidai tsayin ido, nisan mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, hoto daga ƙirji zuwa sama. Haske ya fito daga gaba. Wanda ya ba taga baya zai fito inuwa. In a majigi ko talabijin za a haska, a kwantar da wayar. A tsaye sai in don kallon waya ne. Ingancin 1080p a kan hoto 30 cikin daƙiƙa ya wadatar, kuma minti ɗaya yakan ci megabait 60 zuwa 130. A sa wayar a yanayin jirgin sama, kada kira ya katse ɗauka.

Ba a karanta jawabin daga takarda kalma bayan kalma, domin ido na sauka daidai lokacin bugu. Kati mai kalma ɗaya ko biyu ga kowane barkwanci, da manyan haruffa, a manne kusa da kyamara, ya isa. Bugun kansa kuwa a haddace shi daram. Ɗauka uku ko huɗu ta wadatar. Bayan haka murya takan mutu saboda mai maganar ya gaji da jin abin dariyarsa.

Taron da ake yi ta kiran bidiyo yana da tasa damuwar. Sauti na jinkiri, kuma mahalarta sukan rufe makirufonsu, sai mai magana ya ji kamar a maƙabarta yake. Ana roƙon mutum huɗu ko biyar su bar nasu a buɗe, a kuma tsawaita shirun bayan bugu.

Tacewa da yaɗawa

Tacewa dama ce ta biyu. A taron Justin Bieber na 2015, Comedy Central ta cire barkwancin da aka yi kan Paul Walker, ɗan fim ɗin da ya rasu a haɗarin mota a 2013, kafin a watsa shirin. Mai tace bidiyon gida ma haka zai yi da duk wurin da fuskar mai taro ta canza. Amma kada a yanke shirun da ke gaban bugu, kuma kada a liƙa dariyar da ba a yi ba, domin kunne na gane ta.

Jama'ar ɗaki da jama'ar intanet ba ɗaya ba ne. Jawabin Stephen Colbert a gaban Shugaba George W. Bush a 2006 bai sami dariya sosai a zauren ba, amma ya bazu a intanet cikin kwanaki. Akasin haka ya fi yawa: ɗaki ya yi dariya, waje ya fusata. A Indiya, ƙungiyar barkwanci ta AIB ta shirya taron tsokanar 'yan fim Arjun Kapoor da Ranveer Singh a Mumbai cikin Disamban 2014. Waɗanda suka sayi tikiti sun san abin da suka je gani. Da aka ɗora bidiyon a YouTube a Janairun 2015 sai ƙorafe-ƙorafe suka kai ga 'yan sanda, ƙungiyar ta sauke shi cikin 'yan kwanaki.

Don haka amincewa da tsokana daban, amincewa da yaɗawa daban. A nuna wa mai taron bidiyon da aka tace kafin ya fita, a yarda da inda za a sa shi, ko rukunin iyali na WhatsApp ko shafin da kowa ke gani. A kuma duba kowane barkwanci shi kaɗai, kamar an yanko daƙiƙa 15 ɗinsa babu gabatarwa babu yabon ƙarshe, domin a haka yake yawo idan ya fita. Wanda ba zai tsaya da ƙafarsa a wannan yanayi ba, a bar shi a kwafin da za a ba mai taron kaɗai.